Tsayuwar Uwar Ɗaki

A kan iƙamata, wato katin zaman da ake bai wa baƙo a Saudiyya, an rubuta da Larabci cewa ni 'yar rakiya ce, kuma ba a yarda in yi aiki ba. Ranar da maigidana ya kawo mini katin na juya shi gaba da baya, na ce masa to madalla, shekarun da na yi ina shiga kotu da baƙar riga ga inda suka ƙare. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Shi injiniya ne, ya samu aiki a wata masana'antar robobi a Birnin Masana'antu na Biyu, can kudancin Riyadh. Ni kuma na bar ofishina na lauya a gida na biyo shi da yaranmu biyu, da niyyar in ɗan huta in koma. Muka kama gida a unguwar Al-Suwaidi, hawa na biyu, a saman shagon wani mai wanki da guga. Mata ba sa tuƙi a lokacin. Duk inda za ni sai na jira shi ya dawo ko in kira direba, ni da na saba figar motata daga wannan kotu zuwa waccan ina cin gyaɗa a hanya.

A shekarun ne aka fara bai wa matan ƙasar lasisin aikin lauya. Na gani a labarai ina yankan kuɓewa, na taya su murna a raina, na ci gaba da yankana.

Wata rana da hantsi 'yar ɗakina ta kira ni daga gida. Ita ce yarinyar da ta fara aiki a ofishina tun fitowarta daga makarantar lauyoyi, ta zauna a ƙarƙashina har na taho na bar mata makullan. A lokacin ta yi aure har da 'ya'ya, amma bakina ya saba da ce mata yarinya.

Bayan mun gaisa ta ce, “Anti, za a naɗa sababbin alƙalai a babbar kotu. Na sa sunana.”

Na rangaɗa guɗa a falo ni kaɗai, har mai wankin ƙasa ya kashe rediyonsa. Ita kuwa tana jira in gama, don haka take. Mutum ce mai nauyin baki. Ba ta iya dogon gaisuwa ba, ba ta zuwa biki sai ya zama dole, in ta je ma tana gefe tana duba agogo. Tun tana sabuwa nake yi mata faɗa, ina cewa ke dai ki riƙa sakin fuska, ba a biyan kuɗin murmushi. Ta ce to, gobe ta zo da fuskar jiya. Waɗanda ba su san ta ba suna cewa girman kai ne da ita. Ni da na zauna da ita ofis ɗaya na san kunya ce, da kuma wani irin taurin gaskiya da ni kaina yakan gajiyar da ni. In akwai wadda aka halitta don kujerar alƙali a cikin yaran da na koyar, ita ce.

Da na gama murnata ta ce, “Ƙungiya za ta zauna ƙarshen wata mai zuwa. Za ki zo ki tsaya mini?”

Na ce, “Ji wata tambaya. In ban zo ba wa zai zo?”

Ƙungiyar da take nufi ita ce tamu ta lauyoyi mata a jiharmu. In za a naɗa alƙalai, hukumar da ke tace sunaye takan nemi jin ra'ayin lauyoyi, mu kuma mukan zauna mu zaɓi macen da za mu mara wa baya, mu aika da shaidarmu. Shaidar ba doka ba ce. Amma macen da ta je gaban hukuma babu ita, abin da za a fara tambaya shi ne me 'yan'uwanta mata suka gani har suka ƙi ta, kuma daga nan magana takan mutu.

Yadda muke bayar da shaidar kuwa namu ne mu kaɗai. Ba ma karɓar wasiƙar yabo. Iyayen da suka kafa ƙungiyar sun ga yadda manya ke sa hannu a takardar yabon mutumin da ko fuskarsa ba su sani ba, sai suka rubuta a tsarin mulkinmu cewa mai neman shaida za ta zo da uwar ɗakinta, wato lauyar da ta koya mata aiki. Ita mai nema za ta zauna a kujera a gaba, ba ta da bakin magana ko kalma ɗaya. Uwar ɗakin ce za ta tsaya a gaban taro da ƙafafunta, kowa ta yi mata tambayar da ta ga dama, kuma ba za ta faɗi komai ba sai abin da ta gani da idonta. Daga nan a ɗaga hannu. Muddin uwar ɗaki tana raye, wata ba ta tsaya wa 'yar ɗakinta, sai in ita ce ta sake ta da bakinta taro yana ji. Na sha ganin manyan mata masu gilashin zinariya suna zufa a wurin nan. Ina son tsarin, har gobe ina son sa, kuma wannan ne daga baya ya hana ni samun wanda zan zaga da daɗin rai.

Da yamma maigidana ya dawo, tun bai cire takalmi ba na ce ya nema mini huruj da auda, wato bizar fita da dawowa. Sai na ga ya zauna a hannun kujera yana murza goshi. Ya ce iƙamarsa ta ƙare, tawa da ta yara kuma a jikin tasa suke rataye. Mai masana'antar, wanda shi ne kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya rasu watannin baya, 'ya'yansa suna rigimar gado, rajistar kamfanin ta ƙare babu wanda ya sa hannu aka sabunta. Kamfanin da ba shi da rajista ba ya sabunta wa ma'aikaci iƙama, wanda ba shi da iƙama mai rai kuma ba a ba shi bizar fita.

Na ce, “Tun yaushe ka sani?”

Ya ce, “An ce mana za a gyara. Ban so in tayar miki da hankali ba.”

Na ce ai ga hankalin nan ya kwanta. Na faɗa masa maganganu a ranar, har da waɗanda ba laifinsa ba ne, ya shanye duka. Mutum ne mai haƙuri, kuma babu abin da ke ƙara tunzura ni irin a yi mini haƙuri ina tsakiyar faɗa.

Daga nan muka shiga zaman jiran mandub, wakilin kamfanin da ke kai takardu ofishin shige da fice. Ban taɓa ganin sa ba, amma na san muryarsa, don nakan sa maigidana ya buɗe wayar in ji da kunnena. Kullum maganarsa ɗaya ce, bukra in sha Allah, gobe. In an matsa masa ya ce bayan sati. Na ce a tambaye shi, in na yarda da fita ta dindindin fa, in tafi ba dawowa? Ya ce ita ma sai da iƙama mai rai. Wato ba ni da izinin zama, ba ni kuma da izinin tafiya. Na karanta doka shekara da shekaru, na fitar da mutane daga kurkuku, ga ni a falo da abaya a rataye a bayan ƙofa ban san ko ƙofar wane ofishi zan buga ba.

Wata Juma'a bayan an sauko maigidana ya kai ni unguwar Manfuha wurin wani dattijo Bahaushe, tsohon direba da ya daɗe a garin, wanda aka ce ya san kan irin waɗannan abubuwa. Muka bi lunguna masu ƙananan shaguna da wayoyin lantarki a sarƙe, muka same shi a wani ɗaki da yake zaune da 'yan'uwansa direbobi. Ya sa aka kawo mana shayi, ya saurare ni har na gama, da misalaina da komai, kamar ina gaban alƙali.

Ya ce, “Hajiya Barista, hanya ɗaya na sani, kuma ba zan so miki ita ba. Ki miƙa kanki a ce kin karya dokar zama. Za a tsare ki, ba wanda ya san ranar da za a sa ki a jirgi, kuma in kin tafi kin tafi ke nan, yaranki suna nan. Taron naku ma wataƙila a tsare zai same ki.”

Na ce, “Baba, ba wani wanda za a gani?”

Ya ce, “Masu cewa a gan su suna da yawa. Za su karɓa, ba za su yi ba.”

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Maigidana ya tsaya ya sayo mini shawarma, na riƙe ta a cinya har gida.

Sai na juya kan ƙungiya, don a can ina ganin ina da baki. Na kira shugabarmu. Babbar mace ce, ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba, tana cikin waɗanda suka rubuta tsarin mulkin da hannunsu, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Na shirya hujjojina tsaf. Na ce ranki ya daɗe, manufar sashen tsayuwar uwar ɗaki ita ce a ga fuskar mai shaida a yi mata tambaya, to ga kiran bidiyo, a ɗora ni a kan tebur kowa ta gan ni, ta tambaye ni har gari ya waye. Na ce waɗanda suka rubuta sashen ba su san za a yi irin wannan na'ura ba.

Ta ce, “Ni na rubuta, kuma ina nan da raina, ba sai kin yi mini fassarar abin da nake nufi ba. Cewa muka yi ta tsaya a gaban taro.”

Na ce, “To a gyara sashen.”

Ta ce, “Gyara sai a babban taron shekara, da sanarwa tun kafin lokaci. Kin fi ni sani, kin yi sakatariya.”

Na ce a ɗage zaman. Ta ce hukuma ta ba da wa'adi, kuma akwai wasu mata biyu da suke nema, iyayen ɗakinsu sun shirya, da wane dalili za ta tsayar da su? Ta ce in ta buɗe mini wannan ƙofa, baɗi wata za ta kira daga Landan da wani a bayan waya yana rubuta mata amsa, kuma ba za ta iya cewa a'a ba tunda ta ce mini e. Ina jin ta ina cizon leɓe, don na san da ni ce a kujerarta abin da zan faɗa ke nan.

Sannan ta ce, “Akwai hanya. Ki sake ta, wata ta tsaya mata.”

Na ce, “Sakin ma ai sai a gaban taro.”

Ta ce, “A'a. Sashen saki cewa ya yi taro ya ji daga bakinta, bai ce ta tsaya ba. In kin kira, iyayen ƙungiya suka shaida muryarki ce, ya wadatar.”

Na yi wata dariya mara daɗi. Na ce wato muryata ta isa in ce na bar ta, amma ba ta isa in ce na san ta ba. Ta ce haka aka rubuta. Na ce mata Allah ya ƙara girma, da irin muryar da ba addu'a ake nufi ba, na kashe wayar. Daga baya na kira na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta san zafina tun ina ƙaramar lauya.

Abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar nan ni na koya mata yadda ake tsayuwa a gaban alƙali, ni na saya mata farin ƙyallen wuyan lauya na farko. A ce ranar da za a tambayi wace ce ita, wata ce za ta amsa? Amma da na zauna na duba, ba abin da ke gabana sai biyu, ko in sake ta ko ta zauna a kujerar gaba babu mai tsaya mata. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta roƙe ni ba. In ta kira sai ta tambayi yara, ta tambayi zafin gari, ta ce, “Ya maganar takardun?” In ce ana nan ana fama. Ta ce Allah ya kawo sauƙi. Da ta yi kuka ko ta yi mini gori, da na fi samun sauƙi.

Ni na zaɓi wadda za ta tsaya. Wata babbar lauya ce da muka yi zamani tare, ba ƙawata ba ce, mun fi haɗuwa a matsayin abokan hamayya, amma ta sha karawa da yarinyar a kotu, kuma na san ba ta ƙarya ko da wasa. Na kira ta, ta amince ba tare da jan rai ba. Na gyara zama na ce to bari in ba ki labarinta tun daga farko, akwai abubuwan da ya kamata ki sani.

Ta ce, “Dakata, Barista. Kar ki gaya mini komai.”

Na ce, “Kamar yaya?”

Ta ce, “Duk abin da kika gaya mini na zama jiyau. In aka tambaye ni zan ce ji na yi, kuma kin san ba a karɓa. In kuma na faɗe shi kamar na gani, na yi ƙarya a gaban taro. Bar ni da abin da na gani a kotu. Na ga tana zuwa da shiri, na ga ba ta ɓata wa kotu lokaci, na ga ta kayar da ni ba sau ɗaya ba. Zan faɗi wannan.”

Na ce wannan ai kowa ya sani, ba shi za su tambaya ba. Ta ce to abin da take da shi ke nan. Na rasa ta inda zan kama ta. Gaskiyar da ta sa na zaɓe ta ita ce ta toshe mini baki, kuma da wata ce mai sassauci da ban yarda ta tsaya ba.

Har ana jibi taro ina sa rai da mandub. Na haɗa 'yar jakata na ajiye a gefen gado, maigidana yana ganinta yana kawar da kai. Bukra ba ta zo ba.

Ranar Asabar aka yi zaman, bayan azahar a gida, mu nan la'asar ta yi. Na yi wanka na sa atamfa mai kyau na ɗaura ɗankwali, ban san don wa ba. Na kora yara ɗaki na ce in na ji motsin mutum sai ya gane kurensa. Maigidana ya ɗauki makullin mota ya ce zai je sayen burodi, alhali akwai burodi a gidan.

Sakatariya ce ta kira, ta ce an buɗe wayar kowa yana ji. Na ji ƙarar fankar zauren da na sani, da jan kujerun roba, da tarin wata dattijuwa da tun ina sabuwa take wannan tarin. Na yi sallama, suka amsa gaba ɗaya, muryoyin da na sani ɗaya bayan ɗaya. Wata daga baya ta ce, “'Yar Saudiyya, a kawo mana dabino,” aka yi dariya. Shugaba ta buga tebur.

Ta ce, “Iyayen ƙungiya, kun shaida muryar?”

Suka ce sun shaida. Mai tarin ta ce ko a cikin barci ta ji wannan murya ta san ta, ai ta sha ta a kotu.

Shugaba ta ce, “Barista, 'yar ɗakinki tana zaune a gabanmu. Me za ki ce?”

Na yi niyyar in saci hanya. Na ce a raina kafin in faɗi kalmar zan jefa jimla biyu ko uku, in sun shiga kunne sun shiga. Na fara, “Ranki ya daɗe, kafin in ce komai, yarinyar nan da kuke gani…”

Ta ce, “Barista. Saki kawai.”

Na haɗiye sauran. Na ce, “Na sake ta.” Muryata ta fito ƙarama, sai da aka ce in maimaita don na baya ba su ji ba. Na maimaita da ƙarfi.

Ta ce, “Taro ya ji. Mun gode. Zaman na sirri ne, za mu rufe waya.”

Aka rufe. Na zauna da wayar a hannu, da ɗankwalina da komai, injin wankin ƙasa yana ta juyi. Na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke. Na share kicin. Na leƙa ta taga, ba kowa a titi sai wata mage a ƙarƙashin mota. A can ana tambaya a kan mutumin da na fi kowa sani, ni kuma ina nan ina goge murhu.

Bayan magariba ta kira. Daga sallamarta na gane, don ta fi kullum natsuwa.

Ta ce, “Anti, ba a ba ni ba. Sun ba ɗaya daga cikin sauran biyun. Sun ce in sake nema in an buɗe wani karon.”

Ni da ita mun san ba kowace shekara ake buɗewa ba, wani lokaci sai an yi shekaru. Na ce ta gaya mini yadda aka yi, kar ta rage komai. Ta ce wadda ta tsaya mata ta yi iya ƙoƙarinta, ta yabi aikinta sosai, har ta ba da labarin shari'o'in da suka kara. Ana tafiya lafiya. Sai wata ta ce an san ta da rashin shiga mutane, shin ba girman kai ba ne? Wadda ta tsaya mata ta amsa cewa ba ta zauna da ita ba balle ta sani. Sannan dattijuwa mai tari ta ɗaga hannu ta ce ita tambayarta ɗaya ce: kin taɓa ganin ta ce a'a ga wanda take jin tsoro?

Na ce, “Me ta ce?”

“Ta ce ba ta taɓa gani ba. Ta ce ba ta ce ban yi ba, ita dai ba ta gani ba.”

Na miƙe tsaye ban sani ba. Na ce innalillahi, wannan ai tambayata ce, tawa ce. Na ce da suna so su ji, da na gaya musu ranar da attajirin nan ya zo ofishinmu, wanda mahaifinki ya yi wa aiki shekara da shekaru, wanda kike durƙusawa har ƙasa ki gaishe shi. Ya zo da tsohon mai gadinsa a kan shari'ar fili, da takardar rantsuwa an riga an buga, yana so tsohon ya dangwala yatsa a wuce wurin. Na dawo daga kotu na tsaya a bakin ƙofa ba ku gan ni ba. Kika ɗauki takardar kika karanta wa tsohon da Hausa, layi bayan layi, kina tambayarsa, Baba, haka aka yi? Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ba ya wurin ranar. Attajirin ya ce ke, ajiye takardar nan ki ba shi tawada. Ba ki ajiye ba. Ya kira sunan mahaifinki, ya ce zai kira shi yanzu a gabanki. Hawaye yana zubo miki, kika ce wa attajirin, Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba…

“Anti.”

Ban saurara ba. Na ce wace ce a cikin zauren nan ta taɓa yin haka tana da shekara biyu a aiki? Ina magana ina zagaya falo, yara sun leƙo daga ɗaki, maigidana ya shigo da ledar burodi ya tsaya a ƙofa.

Ta sake cewa, “Anti. Na sani. Ai ina wurin.”

Na daina zagayen. Na ji kunya, na ji baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji ba ko a shari'ar da na fi jin zafin faɗuwa. Na zauna a hannun kujera na ce mata ta yafe mini, ban ma san me nake cewa ta yafe ba. Can na ji ta ja hanci, ita da ko a gabana ba ta son a ga kukanta.

Ta ce, “Ban san kin gani ba. Ba ki taɓa faɗa mini ba.”

Na ce, “Na ajiye shi ne don ranar yau.”

Ta ce, “To ƙarasa, Anti. Ina ji.”

Sai na koma inda na tsaya, na ba da shaidar har ƙarshe, ban tsallake komai ba, ita kaɗai tana saurare.